Jakar Mai Raba Wasiƙu

Shekara ashirin da biyu ina bin hanyar nan,
akwati ɗari huɗu da goma sha ɗaya
daga gadar ƙarfe zuwa masana'antar cuku.
Na san wanda ya kasa biyan kuɗin wuta,
na san wadda ɗanta ya daina rubutu.

Bana jakata ta yi ciki.
Tun masara ba ta fid da gemu ba
fuskoki suka fara sauka a kan kwali mai sheƙi:
Lorna Vandehey, mai neman kujerar Washington,
haƙora farare tas kamar madarar asuba,
da Curtis Oberholt da ke zaune a kujerar,
rungume da ɗan maraƙi yana murmushi.
Duk mai shanu a gundumar nan ya gani,
bai san ta inda ake ɗaukar maraƙi ba.

An sake zana taswira a Madison.
Layin ya ratsa gonar Tollefsrud kamar wuƙa a kabewa,
gida a wannan mazaɓa, garke a waccan.
Arvid ya tsaya da bokiti a hannu, ya ce,
“To su shanun wa za su zaɓa?”
Kwalayen kuwa yana tara su bayan murhu.
An ce tusa ba ta hura wuta,
amma alkawari, in ya bushe, yana hurawa.

Akwai wata kujerar, ƙarama,
ta majalisar jiha, wadda talabijin ba ta sani ba.
Pa Houa Moua ke nema, ma'aikaciyar jinya,
ba ta da kuɗin kan sarki, sai takalmi.
Ina hango ta a madubi tana bin ƙurata,
ƙofa bayan ƙofa, kare bayan kare,
tana maganar asibitin haihuwa da aka rufe.
Abokin takararta, Gene Rademacher,
shi ya tuƙa ta makaranta tana 'yar shekara shida.
Daren Juma'a wurin soyen kifi
sun yi musu kan haraji har kifi ya huce,
sannan ya taya ta tura mota daga taɓo.

Wilhelmina Strupp, shekara casa'in da ɗaya,
ta jira ni bakin akwati da sanda da ambulan.
“Kar ka lanƙwasa,” ta ce.
“Na bar na Washington su ci kansu.
Ta ƙasan nan na cika da kyau.”
Ban tambaye ta wa ba. Ba a tambaya.
Na sa shi a aljihun ƙirji, ba a jaka ba.

Ta rasu saura kwana tara.
Magatakarda ta ce doka ce:
wanda bai kai ranar ba, ba a buɗe nasa.

Talata ta zo da ƙanƙara.
Muka yi layi a ɗakin 'yan kwana-kwana,
takalma na ɗigar ruwa a kan siminti.
Kafin sha ɗayan dare an gama da babbar kujera,
mai maraƙi ya koma inda babu maraƙi.
Ƙaramar ce ta ƙi kwanciya:
tazara goma sha tara, a sake ƙirge,
mutum shida a tebur suna lasar yatsa.

Laraba jakata ta haihu, ta koma fayau.
Alluna sun karkata a bakin titi.

Har yanzu ƙafata na taka birki a akwatin Strupp.
Jiya wani kwali ya makara ya iso da sunanta,
manyan baƙaƙe ja: KE MUKE JIRA.
Na riƙe shi, injin na kaɗawa.
Na kai wa Arvid.