Kyamara ta Biyu

Ranar Talata, ana yayyafi a Tasalonika,
na hau matakalar shagon Stamatis
da yuro dubu biyu da ɗari uku a aljihun ciki,
ladan wanke-wanke na bazara biyu
a gidan abincin bakin teku.

Na nuna masa wadda nake mafarki tun bara,
baƙa, sabuwa fil, tana ƙyalli bayan gilashi
kamar ta san kuɗinta.
Ko kallonta bai yi ba.
Ya ce, "Evdokia, wace coci?"

Na ce ƙaramar nan ta kan tudu.
Ya girgiza kai.
"Cikinta duhu kamar cikin tulu.
Taga uku, kyandir, hayaƙin turare,
ga limamin ba ya shiri da filasha.
Kika haska sau ɗaya,
zai tsai da addu'a ya zuba miki ido."

Ya jawo wani gilashi gajere mai nauyi,
bakinsa wangale kamar idon mujiya.
"Wannan ba ya jawo nesa kusa,
ƙafarki ce za ta yi tafiyar,
amma yana shan haske yadda yashi ke shan ruwa.
Dogon kuma na hawayen uwar ango ne,
ki ɗebo su daga bayan ginshiƙi
ba tare da kin taka mata takalmi ba."

Ya ce in nemi mai ramin kati biyu,
don kati ba ya sallama in zai mutu.
Ya ce batir huɗu,
mutanenmu ba sa barin rawa sai zakara ya gaji.
Ya ce in gwada madaurin a wuyana
in tsaya da shi, in ji.

Na yi lissafi a bayan takardar bas.
Sabuwar ta fita daga lissafin tun layi na uku.

Sai ya ajiye tsofaffi biyu a gabana,
fentinsu ya koɗe a kusurwa.
Na ce, "Me zan yi da biyu? Amarya ɗaya ce."

Ya daɗe yana goge tabarau.

"Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Auren Argiro da Tanasis, a ƙauyen kan dutse.
Kyamara ɗaya, ni da ƙuruciya.
Na danna, na danna, ina ta washe baki,
ashe fim bai kama haƙori ba.
Da dare na wanke shi, ya fito fes,
ba amarya, ba ango, ba ko inuwar kujera.
Tanasis ya rasu bara waccan.
Ita duk Litinin tana wucewa nan da kwandon kasuwa,
ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata.
Ba ta taɓa ta da maganar ba.
Da ta zage ni, da na huta."

Na sayi biyun.

Ranar Asabar Fotini da Lefteris
suka zaga tebur sau uku da kambi a ka,
shinkafa na zubo musu ta ko'ina,
har wata ƙwaya ta maƙale a girar ango.
Gajeren gilashin ya kama ta.
Kati bai mutu ba, batir biyu suka isa,
ta biyun kuwa ta wuni ta kwana rataye,
ba ta yi komai ba
sai shatar da ta bar mini a ƙugu.

Litinin na koma in yi masa tsiya.
Na tarar da shi a bakin ƙofa, hula a hannu,
wata tsohuwa mai kwandon lemo
tana nuna gwiwarsa da yatsa.

Ta biyun ce a kafaɗata.
Na ɗaga ta daga tsallaken titi.