Shafin da Aka Yanke

A Milwaukee, ranar Asabar, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Anton Jelinek ya sauka matakala goma sha ɗaya
zuwa kantin Rosalind, ƙarƙashin gidan wanki,
inda littattafai ke warin taba da danshi.

Shekara talatin yana magatakardar kotu.
Ya rubuta kisan gaske har yatsunsa suka ƙage,
yanzu na ƙarya yake saye,
bugun farko kaɗai, takarda ta yi ja don tsufa,
a bango mace mai jan baki, bindiga a jaka,
namiji da hular da ta rufe masa ido ɗaya.

Rigar littafin, in ji Rosalind, ta fi littafin kuɗi.
Yagewa kamar bakin farce, dala ɗari biyu ta tafi.
Shi ya sa ba ya buɗe su sosai,
leƙe yake yi, kada gadon bayansu ya karye.

Yau ta fito da wanda yake nema tun Zdenka na raye.
Riga lafiya lau, shuɗin bai koɗe ba.
Ta ce, "Kafin ka yi murna, juya baya."

Shafin ƙarshe babu. An yanke shi a tsanake, da reza.
A cikin bango wani ya rubuta da fensir:
"Ba shi ba ne. Sun rataye wanda bai ji ba bai gani ba."

Ta rage masa rabi, har tana ba da haƙuri.
Bai yi ciniki ba.

Da dare ya kunna fitilar kicin,
ya buɗe shi warai, har ya ji ƙas.
Gawa a tashar jirgin ruwa, ɗan sanda mai cin hanci,
mace ta yi ƙarya huɗu, ta biyar gaskiya ce.
Kofi ya huce sau uku.
Sai takarda ta ƙare.

Ya zauna. Motar shara ta wuce.
Ya tuna wani yaro a kotu mai lamba shida
da ya ce "ba ni ba ne" sau goma sha tara.
Anton ya san adadin, shi ya buga kowanne.

Bai sa littafin a kabad ɗin gilashi ba.
Yana kan teburin kicin har yau, kusa da gishiri,
gindin kofi ya yi zobe a fuskar matar.