Kunnen Nafi'u

A ƙauyenmu, gabas da Auyo,
in ka ji an ƙwala "Nafi'u!"
to wani abu ya lalace.
An kwance wa Gwaggo Tabawa akuya,
ko albasar Ɗanjuma ta yi ƙafa da dare.
Ni ne ubansa. Na fi kowa kiran sunan,
da tsawa, da tsumagiyar tsamiya a hannu.

Shekararsa goma sha biyar.
Na dake shi har tsamiyar ƙofar gida ta yi sanƙo.
Ba ya kuka.
Sai ya tsaya yana dubana
kamar ɗan ƙodagon da aka biya ladansa.
Ban gane duban ba sai daga baya.
Ranar da ya cika randa, ya share turke,
ba wanda ya ɗaga kai.
Ranar ɓarna kuwa
har mai shayin bakin titi ya san da zamansa.
Ashe da a manta da yaro
gara masa a zage shi da sunansa.

Da rani, a bakin fadama,
injin ban-ruwa yana ta gurnani, ruwa ya ƙi hawa,
tumatir ya sunkuyar da kai.
Shitu makaniki ya kwance nan, ya ɗaure can, gumi har gemu.
Yaron yana tsugune kan kunya,
ni na san abin ɗauka yake hange.
Ba a tambaye shi ba ya ce,
"Ba daga injin ba ne. Iska yake sha."
Shitu ya bi tiyo da yatsa,
ga huda kamar ta allura.

Bai yi masa wa'azi ba.
Bai ce yau shaiɗan ya tafi hutu ba.
Cewa ya yi, "Kana da kunne.
Gobe ka zo ka riƙe min sifana."

Kalma uku.
Ni da na zuba dubu, ban taɓa zuba irinsu ba.
Ya riga zakara tashi.

Ba zan ce ya zama waliyyi ba.
Watan jiya rabin galan na fetur ya bi iska.
Shitu ya cire a ladansa, murya ƙasa-ƙasa,
washegari ya sake miƙa masa sifana.

Jiya ya gyara min rediyon
da ya shekara biyu yana tari.
Na buɗe baki,
yabo ya maƙale min kamar ƙayar tarwaɗa.
Na ce, "Nafi'u."
Kafaɗunsa suka tashi, suna jiran abin da suka saba.
Na ce, "Ya yi kyau."

Sai ya waiwaya bayansa,
ya ga ko da wani nake.