Bakin Jazuli

Ni mai gyaran agogo ne a Tudun Wada.
Shekara ashirin ina buɗe cikin ƙarfe
da tsinken da bai kai allura kauri ba,
amma bakin ɗana ya gagare ni.

Jazuli, shekara bakwai da wata huɗu.
Bai taɓa ce mini Baba ba,
sai dai ya kama yatsana ya kai inda yake so.
Marafan kwalba yake jerawa a bakin ƙofa,
jajaye gefe guda, korraye gefe guda,
wanda ya goce da ɗaya ya goce da duniya.

Tun daren Talata yake dukan kuncinsa na hagu.
Ba kuka ba ne, gurnani ne ƙasa-ƙasa
kamar injin markaɗe a bayan layi.
Ina ke ciwo? Uwarsa ta tambaya, na tambaya.
Ya dubi fanka.

Buroshi abokin gabarsa ne.
Mun sayi mai laushi, mun sayi mai hoton kifi.
Man goge baki kuwa, da ya ga kumfarsa
sai ya toshe kunnuwa,
kamar ta nan yajin yake shiga.
Biredi da shayi, shi ke nan cimarsa,
cokali uku na sukari, in babu a kwana da yunwa.
Ni nake zuba sukarin.
Da hannuna. Na sani.

Inna ta aiko da kanumfari daga Gyallesu,
wai a danna a kogon, kafin asuba ya lafa.
Inna, wa zai nuna mini kogon?

Sai ya yi barci nake zama ɓarawo.
Fitilar waya a hannun uwarsa,
ni ina ɗaga leɓe a hankali
kamar murfin agogon da aka ba ni amana.
Can ciki, na biyun ƙarshe,
baƙin ɗigo, bai fi ƙwayar masoro ba.
Wannan ɗan abu ne ya hana gida uku barci.

Ranar Alhamis muka nufi Shika.
A Kwangila hon ɗin tirela ya sa ya ciji rigata.
A asibiti kujerar ta kwanta da kanta,
fitila ta sauko, wani ƙarfe ya yi tsiwa,
kafin likita ta sa safar hannu
Jazuli yana ƙarƙashin benci a waje.

Ba ta yi tsaki ba, Allah ya saka mata.
Ta tsuguna har farar rigarta ta share ƙasa.
Ta ce, Malam, irinsu sai an sa su barci.
Ta rubuta kuɗin a takarda.
Ba kuɗin ne ya tsaya mini a wuya ba,
ko da yake sun kai agogo arba'in.
Barcin ne.
Yaron da ban san inda yake zuwa ido biyu ba,
in ya tafi can, da wane suna zan kira shi ya dawo?

Kuma wata rana zan tsufa.
Wa zai riƙe fitila?

Jiya bayan isha'i ina goge baki da asuwaki,
sai na ji yatsu a haɓata.
Ya karɓe icen, ya shinshina,
ya tura mini shi a baki, ya goga,
da ƙarfi, har dasashina ya yi jini.
Ban motsa ba.
Na ƙirga masa: ɗaya, biyu, uku.

Sannan ya kai asuwakin bakin ƙofa
ya ajiye shi a ƙarshen layin korraye.

Bai buɗe nasa ba.
An ba mu Litinin ta sama.
Asuwakin yana nan inda ya sa shi,
na hana kowa sharewa.