Harsasai Bakwai na Orrin

A kantin Haugland, bayan gidan mai na Choteau,
Dell ya jera mini akwati uku a kan kanta.

Na farko tsohon yayi ne, mai ido biyu da 'yan laima a ka,
ana girke shi taku goma gaban bindiga.
Yana son rana, amma ba mai ƙuna ba,
yana son girgije, amma ba mai duhu ba,
kuma ran da hannu ya karkata, shi ake fara harbewa.
Ga gawar wani can bayan ƙofa
da huda a goshi.

Na biyu agogo ne kurum.
Ya yi ƙara, ka harba, ya faɗa maka jinkirinka.
Bai san gudun komai ba.

Na uku bai fi gwangwanin kifi ba.
Yana zama gefen gwiwar hannu, ya bi harsashi da rada,
ya kasa kunne kuma, ya ƙirga tazarar harbi da harbi.
Na ce, Dell, taura biyu ba ta taunuwa.
Ya ce wannan dai yana taunawa,
sai dai batir yake sha kamar rago a bakin randa,
kuma in maƙwabcinki ya harba kusa
zai iya rubuta miki nasa.
Kuɗinsa ya kai na maraƙi.
Na tsaya ina juya shi har kofin Dell ya huce.

Shekara talatin da ɗaya ubana Orrin
yana ɗura harsashinsa a ɗakin ƙasa,
sikeli a gabansa, tabarau a kan hanci,
yana zuba albarushi kamar mai auna wa jariri magani.
Kwanso ɗaya sai ya goge shi sau uku.
Bai taɓa mallakar abin awon gudu ba.
A littafinsa mai bangon toka ya rubuta da fensir:
ƙafa dubu biyu da ɗari bakwai a daƙiƙa,
ya ja layi biyu a ƙasa.
Da ya rasu a watan Maris
bakwai suka rage a kwalin taba.

Na biya.

Asabar da sassafe, iska na gangarowa daga duwatsu,
dusar ƙanƙara ta maƙale a gindin shinge.
Na kwanta bayan buhun yashi,
na ɗora kumatu inda nasa ya cinye fentin katako.
Ƙara. Na ja kunama.

Dubu biyu da ɗari shida da goma sha ɗaya.

Ashe, Baba, ƙafa tamanin da tara ka ara wa kanka
duk shekarun nan.
Na yi dariya har tabarau ya yi hazo.
Gani ya kori ji.

Na biyu, da goma sha huɗu.
Na uku, da tara.
Sha biyu. Sha ɗaya. Sha uku.
Sai dariya ta tsaya mini a wuya.
Mutum da sikelin hannu, a ɗaki mai fitila ɗaya,
tsakanin mai saurinsu da mai nawarsu
ƙafa biyar.
Lissafi ya kuskure masa, hannu bai kuskure ba.

Na bakwai na riƙe a tafi har ya ɗau ɗumina.
Akwai sawun yatsarsa a jikin tagullar,
ko nawa ne, ban sani ba.

Da yamma na zauna a mota ina duba abin da akwatin ya ajiye.
Gudun na san shi.
Ɗaya layin ne ban nema ba:
daƙiƙa goma sha takwas, ashirin, sha tara, sha tara, ashirin da biyu,
sannan kafin na ƙarshe
ɗari biyu da arba'in da shida.

Na buɗe littafin mai bangon toka.
Ban goge lambarsa ba.
Na rubuta tawa a ƙarƙashi, da fensirinsa.