Sunana a Wuyan Riga

Shagona taku huɗu ne, a Bukoki,
tsakanin mai walda da mai sai da kopto.
Keke ɗaya, almakashi biyu, ɗaya ya dakushe,
sai tsohon littafin lissafin ɗiyata
da nake zane a bayan shafukansa.

Barira ke da kusurwar yamma.
Ita ba ta taɓa zare.
Tagullar matattun famfuna take tsinta a Katako,
ta kai wa Agali maƙeri da takarda a hannu,
su yi ta gardama kan faɗin ƙwayar gero
har shayi na uku ya huce.
Sai 'yan kunne su fito kamar ganyen gawo,
ba nauyi, sai magana in an juya kai.

Wata Laraba hajiya ta zo.
Nesa ta bar mota, kada kwatar layinmu ta taɓa taya.
Ta ce, ina son abin da ba kowa ke da shi ba.
Na auna kafaɗa, na auna ƙugu,
na auna har yadda take ɗaga haɓa.
Na yanko shadda ruwan ƙasa,
na tsaga tera-teran da na saya
hannun wata tsohuwa a Harobanda,
na bi wuya da shi, na bi bakin hannu.

Kwana tara.
Daren na takwas kuran ya tafi.
Barira ta riƙe mini fitilar salula
har hannunta ya mutu,
na ƙarasa kalmasa da allura, ina hamma, sauro na cin rabonsa.
Can ƙasa, gefen hagu, ɗinkin ya karkace
kamar sawun yaro mai koyon tafiya.
Na bar shi.
Cikin wuya na sa sunana da jan zare: Tsahara.

Jikka arba'in na ce.
Ta ba da talatin, saura sai ta aiko.

Ran bikin muna can bayan rumfa,
ƙanwar Barira ke rabon abinci.
Ga rigata tana ratsa taro,
ga 'yan kunne suna ta zancensu,
mata na miƙa wuya kamar zabi.
Wata ta tambaya.
Ta ce, Dakar.
Ta ce, ai irin wannan hannu babu shi a Yamai.
Da ta duƙa gaida wata gwaggo, gyale ya zame,
na ga inda sunana yake dā:
ramukan allura, a jere, ba kowa a ciki.

Shinkafa ta zama yashi a bakina.
Barira ta mintsine ni, na yi shiru.
Na sauke ido ƙasa, gefen hagu.
Yana nan.
Yaron nan mai koyon tafiya yana biye da ita,
daga kujera zuwa kujera,
shi kam bai san hanyar Dakar ba.

Ba a yi sati ba, mata uku suka zo,
kowace da hoto a salula.
Suka ce, ko za ki iya kwaikwayon wannan na waje?
Na daɗe ina duban aikina.
Na ce, da wuya, amma zan gwada.
Jikka sittin, rabi a hannu.
Barira ta shige bayan labule,
dariya ta sarƙe ta har da tari.

Yanzu ba na liƙa suna a ƙyalle.
Cikin surfani nake saƙa shi, harafi ya kama harafi,
wanda ya ja zare ɗaya, wuya duka zai biyo shi.
Barira ma ta sa Agali ya sassaƙa mata hatimi,
ɗan tsito, kamar idon fara.

Jikka goman nan dai ba a aiko ba.
Tana nan a littafin ɗiyata,
ƙarƙashin wani lissafin rabawa
da malam ya ja wa jan biro.