Auduga Ta Zo Aski

Shekara talatin da ɗaya ina aski a Tudun Wada.
Na san kan ɗalibi, na san kan ɗan kasuwa,
na san sanƙon da ake ɓoyewa a ƙarƙashin hula,
ban san almakashina zai kai ga kan karya ba.

Dakta Saratu ce ta aiko daga kwatas ɗin Samaru,
wai mai yi mata ya koma Kaduna,
wai an ce mata hannuna ba ya rawa.
Na ce, “Yaron shekararsa nawa?”
Direba ya yi dariya har da tari.

Na same ta bisa tebur, curi guda na farin gashi,
sai da ta yi atishawa na gane inda gaba yake.
Sunanta Auduga. Wanda ya raɗa bai yi ƙarya ba:
kamar buhu ya yage a kasuwar Giwa,
iska ta tattara abin da ya zube, ta sa masa numfashi.

Tsaga ta bi gadon baya, gashi rabi nan, rabi can,
yana sharar ƙasa, ba ka ganin ƙafa.
Hanci ƙwayar ɗinya da aka danna cikin fuska,
haƙoran ƙasa sun leƙo, kamar tsohon da aka hana bashi.
Wutsiya ta lanƙwaso ta kwanta a bayanta,
mafici a hannun wadda ba ta sauri.

Sai da na ɗage labulen goshi na ga idanu,
dara-dara, baƙaƙe, jiƙe,
ƙarƙashinsu jan sawun hawaye
kamar tabon goro a farar riga.
Ta dube ni. Na dube ta. Kowa na jin kunyar wani.

Dakta ta ce, “Fara daga baki, kar ka ja daga tushe.”
Ni za a koya wa taje kai?
Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa.
Bayan kunne gashi ya cuɗe ya zama dunƙule,
na warware shi da yatsa, zare bayan zare,
na ciro ƙarangiya goma sha bakwai,
na jera su a faranti, shaidar yawon bayan gida.

Ruwa mai ɗumi, sabulu mai tsadar da ta fi kuɗin askina.
Da ta jiƙe, duk girman ya tafi:
ashe ɓera ne a cikin babbar riga,
haƙarƙari na kaɗawa a tafin hannuna.
Ana kunna na'urar busarwa aka ɗauke wuta.
Na naɗe ta a tawul, na fita rana,
ina fifita da kwalin magani har azahar ta gota.

Na rage gashin tsakanin yatsu, na datse farce,
na daidaita gemu, don gemu dai gemu ne,
na tattara na goshi na ɗaure da jan zare,
tukku ya tsaya kamar na ɗan yaye.

A teburin mai shayi Ɗanjuma Faci ya tsokane ni:
“Wanzamin karnuka, nawa ne kai ɗaya?”
Na ce, “Ta fi ka zama lafiya a kujera,
kuma ba ta cewa a rubuta sai wata ya yi.”

Abin da ban faɗa musu ba shi ne wannan:
da na gama, hannu ya yi abin da ya saba,
na ɗauko madubi na riƙe mata ta ƙeya.
Ta karkata kai, ta duba dama, ta duba hagu,
ta girgije, ta ɓata rabin aikina,
sannan ta ɗora haɓa a kan takalmina.

Na wanke hannu a famfo, na sake wankewa.
Da dare na ga farin gashi ɗaya a hannun rigata.
Asabar mai zuwa, ƙarfe goma.
Na riga na wasa almakashi.